Na yi wa amarya alƙawarin Zanzibar, uwargida ta ɗauke mini wuta

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da atamfa da shadda. Matana biyu. Uwargida shekararmu 14 tare, 'ya'yanmu biyar. Amarya kuwa shekara biyu ke nan da tarewarta, yanzu tana da cikin wata huɗu. Tun ina nemanta ta ce mini babban burinta ta ga teku, ni kuma na yi mata alƙawarin zan kai ta Zanzibar. Na daɗe ina tarin kuɗin, yanzu sun kai na mutum biyu na mako guda. Wani ejan ya ce mu tafi a watan Afrilu, nan da wata biyu, saboda otal ya fi araha a lokacin, kuma in na biya shi duka yanzu zai fitar mana da biza cikin mako ɗaya. Ban faɗa wa uwargida ba, na bari sai komai ya kankama. Sai ta gani a wayata. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "Allah ya kiyaye hanya", amma tun ranar daga gaisuwa sai ajiye abinci. Ita ko jirgin sama ba ta taɓa shiga ba. Maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ta ce in kuɗi ne suka yi mini yawa in kai ta Umra maimakon zuwa kallon ruwa. Amarya kuma ta ce in na fasa, to ta san matsayinta. Na rasa inda zan sa kaina. In fasa ne, ko in tafi, in ya so na lallashi uwargida bayan na dawo?

Mai atamfa, Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara buɗi a kasuwa, ya sauki amarya lafiya. Bari in ba ka amsar a gajarce kafin in warware ta: kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi, kada ka tafi a Afrilu, kuma kada ka binne maganar tafiyar gaba ɗaya. Ka ɗage ta, ka sake tsara ta a fili, kowa a gidanka yana sane.

Na fara da maganar kada ka binne tafiyar domin na ji alamar har ka soma jin kunyar niyyar taka, kamar ka aikata wani abin assha. Mutumin da ke buɗe shago tun hantsi, ya wuni a tsaye yana ciniki shekara da shekaru, idan ya tara halalinsa ya ce zai fita da iyalinsa su huta su ga ƙasar Allah, bai yi laifi ba. Aure yana son irin wannan. Kwana bakwai babu kiran yaran shago, babu hayaniyar gida, mata da miji su zauna su yi hirar da suka daɗe ba su yi ba, abu ne mai amfani. Inda aka samu matsala shi ne ɓoyewar, da kuma lissafin da ka yi na cewa mace ɗaya ce a gidanka take son ganin teku.

Ka tsaya ka dubi uwargida da kyau. Shekara 14, haihuwa biyar. Da ita aka yi zaman da ba ka da ikon tara kuɗin jirgi, ita ta san ranakun da kasuwa ta ƙi, aka yi maneji da abin da ke cikin tukunya. Ba ta taɓa ce maka ka kai ta wani wuri ba, kai kuma ka ɗauki shirunta a matsayin ba ta so. Mata da yawa irinta ba sa roƙo ne saboda sun san nauyin da ke kan mijin, suna jira ranar da ya samu ya tuna da su da kansa. To ga ranar ta zo, sai ta gani a waya cewa da wata aka tuna. Abin da ya fi yi mata ciwo, a ganina, shi ne ka yi wata da watanni kana wannan shiri, kana shiga ɗakinta kana fita, ba ka ga ta isa ka gaya mata ba. "Allah ya kiyaye hanya" ɗin nan da ta ce, maganar mace ce mai kamun kai wadda ta haɗiye abin da ke ranta don kada yara su ji. Kada ka ɗauke ta a matsayin izini. Idan ka tafi a haka da niyyar lallashi daga baya, za ka dawo da tsaraba ta karɓa ta yi godiya, amma abin zai zauna mata a zuciya shekaru, kuma manyan 'ya'yanka suna kallo, suna kuma fahimtar abin da ya fi wanda kake zato.

Addini ma bai bar wannan babin a buɗe ba. Ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ƙuri'ar ta faɗa wa da ita yake tafiya. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin: wasu sun wajabta ƙuri'ar sai dai in sauran matan sun yarda, wasu sun ce abin so ne, a Malikiyya kuma akwai sassaucin miji ya zaɓi wadda ta fi dacewa da tafiyar. Ka kai wa malaminka maganar yadda take, ka gaya masa tafiyar ta shaƙatawa ce, da kuɗi masu yawa da za a kashe wa mutum ɗaya. Amma ko da an ce maka ya halatta, ka tambayi kanka ko zuciyarka ta natsu cewa ka yi adalci. Wanda ya fi kowa sanin halin matansa bai dogara da zaɓin ransa ba a wannan wuri.

Ita ma amarya tana da gaskiyarta, kada a danne ta. Alƙawari kaya ne, kuma da bakinka ka ɗauka. Yarinya ce da ta shigo gidan da aka riga aka kafa, ga 'ya'ya biyar, ga uwargida mai tarihi da kai, ita kuwa abin da take riƙe da shi a matsayin nata ita kaɗai shi ne wannan alƙawari. Ga kuma ciki, wanda kan sa ƙaramin abu ya zama babba a zuciya. "Na san matsayina" tsoro ne take faɗa maka, tsoron cewa duk ranar da aka ja da ita, ita za a ajiye. Sai dai lafiyarta da ta abin da ke cikinta sun riga sun yanke hukuncin Afrilu. Duk wanda ya fito daga Najeriya zai shiga Tanzaniya, wadda Zanzibar ke cikinta, ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara a hannunsa, wanda aka fi sani da yalo-kad, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Wannan allura likitoci ba sa son yi wa mai ciki, haka ma mai shayar da jariri ƙarami. Idan an taɓa yi mata kuma tana da shaida, allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa; idan babu, kada wani ya ce zai sayo muku kati ba tare da allura ba. Ban da wannan, a Afrilu cikin zai kai wata shida. Daga Kano ba kai tsaye ake zuwa ba, sai an sauka a wani wuri kamar Addis Ababa an jira wani jirgin, ga dogon zama, ga kumburin ƙafa. Yawancin kamfanonin jirage suna fara neman takardar likita daga mako na 28. Idan kuma wani abu ya taso, Allah ya kiyaye, kana tsibiri a ƙasar da ba ka jin yarenta, nesa da likitar da take zuwa awo wurinta, nesa da mahaifiyarta.

Sannan ejan ɗinka bai gaya maka dalilin arahar ba. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminar Zanzibar, Afrilu kuwa tsakiyarta ne. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, teku ta yi ta tashi, sauro ya ƙaru, wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyara. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Yuni zuwa Oktoba, babu ruwa sosai kuma zafi ya sauka. Akwai 'yar gajeriyar damina wajen Nuwamba da Disamba, daga nan sai zafi mai gumi har zuwa Fabrairu. Maganar biza cikin mako ɗaya ita ta fi tayar mini da hankali. Fasfon Najeriya, kamar na Nijar, yana cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta shafin hukumar shige da ficen ƙasar, a tura takardun babban ofis a tantance, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a nema wata biyu kafin tafiya. Duk wanda ya ce ka zube masa kuɗin tikiti da otal da biza a dunƙule, yau-yau, ka ce masa sai biza ta fito. Ka kama otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuɗin tikiti kuma kada su bar hannunka sai ka ga amincewar a rubuce kuma ka tabbatar da ita da kanka a shafin hukumar.

Ka ga ke nan lokaci ya ba ka sarari, sai ka yi amfani da shi. Amarya za ta haihu wajen Yuli in sha Allahu, kuma bai kamata ka yi nisa da gida ba daga yanzu har a yi suna a gama arba'in. Jariri kuma sai ya kai wata tara ake yi masa tasa allurar shawarar. Ke nan tafiyarta ta hankali ita ce baɗi, tsakanin Yuli da Oktoba, yaro ya shekara, ita ma ta murmure ta ji daɗin abin da ta je gani. Shawarata ita ce ka mayar da tafiyar biyu, masu daraja ɗaya: uwargida a bana wajen Satumba ko Oktoba, amarya baɗi. Amma akwai sharuɗɗa biyu da in babu su tsarin zai rushe. Na farko, kada uwargida ta ji cewa cike gurbi aka yi da ita don amarya ba za ta iya zuwa ba. Na biyu, kada amarya ta ji an ƙwace nata an ba wata. Don haka kuɗin baɗi ka fara ware su tun yanzu, duk wata, a asusun da amarya za ta riƙa ganin shigarsu da idonta, kuma ka kai ta a yi mata fasfo a cikin watannin nan tun cikin bai yi nauyi ba. Fasfo a hannu ya fi rantsuwa kwantar da hankali.

Da uwargida za ka fara, ranar girkinta, bayan yara sun kwanta. Kada ka buɗe da maganar tafiya. Ka ce mata, "Na ɓoye miki abin da bai kamata in ɓoye ba, na kuma san ya ɓata miki rai, ki yafe mini." Daga nan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da abin da za ta faɗa ya haɗa da na shekarun baya da ka manta. Kada ka kare kanka, kada ka ce "ai alƙawari na yi mata", ta sani. Sai ta sauke abin da ke ranta, ko a daren ko bayan kwana biyu, sannan ka tambaye ta ita me take so. Kada ka yanke mata. Wataƙila teku ba ta dame ta ba, Umra take mafarki, ko ta fi son a ba ta kwatankwacin kuɗin ta ƙara jari. Idan da yardarta ta zaɓi wani abu, ya wadatar. Idan kuma su biyun suka tsaya a kan Zanzibar kuma kowacce tana son ta riga, ga ƙuri'a nan, a yi ta a gabansu, da sharaɗin cewa in ta faɗa wa amarya kowa zai jira har ta samu ikon tafiya. Ita amarya, lokacin da za ka yi mata bayani, ka tafi da ita wurin likitarta a ranar awo, ta ji maganar allura da doguwar tafiya daga bakin likita. Hakan zai raba ta da zargin cewa matsin lambar gida ne ya sa ka janye.

Hajiya mahaifiyarka kuma ka je da kanka ka zauna a gabanta, kada ka yi ta waya. Sau da yawa irin wannan magana ta uwa tana nufin "har ka tara irin wannan kuɗi ban sani ba". Ka gaya mata tsarin da ka yi, ka nemi albarkarta, ka faɗa mata lokacin da kake sa ran kai ta Umra, lokacin da ka san za ka iya cikawa. Akwai tambayoyin da ni ma zan yi maka a madadinta. Kai ka sauke farali? Hajiyar fa? Akwai bashin kaya a kanka, ko kuɗin makarantar yara da na haihuwar da ke tafe da ba a ware ba? Idan amsar ɗaya daga cikin waɗannan ta sa ka sunkuyar da kai, to Hajiya ta fi ka gaskiya, hutu ya jira.

Idan ka yi lissafi ka ga aljihu ba zai ɗauki Zanzibar sau biyu ba, teku ba a can kaɗai take ba. Da fasfon Najeriya kana shiga ƙasashen ECOWAS ba tare da biza ba har kwana 90. Gambiya ƙasar Musulmi ce mafi yawa, ga bakin teku, ana jin Turanci. Senegal akwai tsibirin Gore kusa da Dakar, in kuma kuna da ra'ayin ziyara ga Kaulaha. Ghana akwai Cape Coast da Elmina, kuma a unguwannin zango irin su Nima a Accra da Hausa za ku yi ciniki. Tikitin jirgi tsakanin ƙasashenmu na yamma ba kullum yake da sauƙi ba, don haka ka tambayi farashi kafin ka sa rai. Sai dai wannan canji amarya ce za ta yarda da shi, tunda Zanzibar ka ambata mata da suna.

In Allah ya nufa kun tafi, ga abin da zan so ka sani. Zanzibar kusan duk mutanenta Musulmi ne, matan garin da lulluɓinsu, masallatai a ko'ina, cin abinci ba zai zame muku abin fargaba ba. Amma manyan otal-otal na bakin teku na baƙi ne daga Turai, akwai giya, akwai shigar wanka da ba ku saba gani ba. Kafin ka kama ɗaki ka rubuta musu ka tambaya, ko ka nemi ƙaramin masauki na 'yan gari. Ni zan ce ku raba kwanakin: biyu ko uku a tsohon gari da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, ku bi lunguna ku ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ku je inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, da magariba ku sauka lambun Forodhani inda ake gasa kifi da jatan lande a bakin ruwa. Ku ware rabin yini ku je gonar kayan ƙamshi. Matar da ta shekara tana daka kanumfari da kirfa da citta, ranar za ta ga bishiyar kanumfari, a ɓare mata ɓawon kirfa ɗanye ta shinshina. Sauran kwanakin a bakin teku. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye ya yi nisa na sa'o'i, mata su shiga suna gyaran ciyawar tekun da suke nomawa, sannan ya dawo da sauri. A arewa, Nungwi da Kendwa, bai cika ja da baya haka ba. Idan ba ku iya iyo ba, ruwa kada ya wuce gwiwa, ku sa takalmin roba saboda ƙayoyin da ke ƙasan ruwan, kuma kada ku shiga kwalekwalen da babu rigar kariya daga nutsewa, komai arahar da mai shi ya yi.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora tata ta dala 44 kan kowane babba, ana saya ta intanet kafin a tashi. Ka duba ko farashin ya canza. Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019, don haka kilishi da yajin da za a ɗaure muku a sa su a roba mai murfi. Zafin can mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano ba, ku ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, ku sha ruwan gora, ku kwana cikin gidan sauro. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka tuna da hakan lokacin kiran gida. A Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya cika sallarsa yake yi. Kai da kake harkar zannuwa za ka so ganin kanga, zanen matan can mai falle biyu da rubutun Suwahili a gefensa. Ka sa a fassara maka rubutun kafin ka saya wa wadda ka bari a gida, domin wasunsu addu'a ne, wasu kuwa habaici ne tsakanin mata, kuma gidanka ba ya bukatar wannan.

A makon nan abu uku ne a gabanka: ka kira ejan ka ce ka dakatar, ka zauna da uwargida ranar girkinta, ka raka amarya awo. Bayan ka je wurin Hajiya, ka sake rubuto mini abin da kowacce ta ce, sai mu duba lissafin kuɗin tare. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raba amarya da cikin nan lafiya.